Rabin Awar Baba Kunne

Tafin hannunsa yake ɗorawa a kan bonet, ya karkatar da kai gefe guda, ya lumshe ido. Haka Baba Kunne yake sauraron mota, haka kuma maƙwabta suke ganinsa kowace safiya a ƙofar gida, tun ranar da 'yar autarsa ta sayo farar a-kori-kurar nan ta zamani mai ƙofa huɗu. Ƙarfe shida daidai yake tayar da ita. Sai ta yi rabin awa cur a tsaye tana kukanta a hankali, shi kuwa yana zagaya ta da tsumma, ya goge fitilu, ya bubbuga tayoyi, ya leƙa ƙarƙashi ko wani abu ya ɗiga. Ko gobara ake yi ba ya yarda a motsa ta kafin inji ya ɗumi.

"Ba a tashin inji daga barci a ce ya yi gudu," in ji shi ga duk wanda ya tsaya kallo.

To wa zai yi masa gardama? Mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗaya yana jan manyan motoci, inji bai taɓa bugawa a hannunsa ba ko sau ɗaya. Sunan Kunne ma a tasha aka laƙaba masa, don yana zaune yana shan shayi mota za ta wuce, ya ce da direbanta ya tsaya a duba masa kaza, a buɗe kuma a tarar da abin da ya faɗa ɗin. Makanikai suna jin haushinsa, suna kuma aika masa da motocin da suka gagare su a ɓoye.

Da ya kai sittin da biyar 'ya'yansa suka taru suka ce ya isa haka, ya huta. Babban ɗansa, wanda kowa a gidan yake kira Yaya, ma'aikacin ofis ne mai son tsari, shi ya sayo masa wata kujera mai taushi ya ajiye a baranda. Shekara biyu Baba Kunne yana cikin kujerar nan. Matarsa, Inna, ta ce har ya fara yi wa rediyo faɗa yana jiran ta rama. Ana cikin haka sai lambun Auta na renon furanni da itatuwan dashe ya bunƙasa, ta sayi mota, ta zo ta durƙusa gaban kujerar ta miƙa masa makulli.

"Baba, tuƙi dai na iya, amma riƙon mota sai ku."

Ranar nan bakinsa har kunne. Tun daga nan shi ke kai ta ko'ina cikin gari, tukwanen furanni zuwa wannan ofis, dashen mangwaro zuwa wancan gida, tafiyar minti goma, tafiyar minti goma sha biyar. Allurar gudu kuwa ba ta taɓa haura arba'in ba. Sabuwar mota, a cewarsa, lallaɓa ta ake yi.

Abu ɗaya ne yake damun sa da ita. Lokaci-lokaci, sun iso inda za su ke nan, sai ya ji kukan injin ya ɗaga da kansa ba tare da an taka totur ba, fanka ta hau ruri, wani wari kamar na ƙarfen da ya sha wuta ya taso daga ƙarƙashi. Wani direban ba zai ma lura ba. Shi kuwa nan take yake danna maɓalli ya kashe ta, ya bar ta ta huce. In ya koma gida sai ya ba Inna labari yana jijjiga kai.

"Yau ma na kama ta tana shirin yin zafi. Da a hannun yaran nan take, da tuni an sauke inji."

"Allah Ya ƙara wa kunne lafiya," in ji Inna, tana ci gaba da tsintar shinkafarta.

A cikin wata na takwas wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, mai hoton bututu da ɗige-ɗige a cikinsa. Baba Kunne ya harare ta, ya ce ƙarambanin motocin zamani ne. Kwana uku bayan haka, suna hawan gada da tukwane talatin a baya, motar ta ƙi ja. Ya taka totur har ƙasa, ita kuwa tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Wani mai keke ya zo ya wuce su, har da waiwaye. Auta ta kawar da kai tana kallon taga, don ba ta so ta ga fuskar mahaifinta a lokacin.

Da suka isa gida ya buɗe bonet. Ya duba baƙin mai, lafiya lau. Ya duba ruwa, yana nan a cike. Ya ciro matatar iska ya ɗaga ta a rana, fes. Ya tayar da inji, ya ɗora hannu, ya karkatar da kai, ya daɗe a haka har wuyansa ya ƙage. Ba ƙwanƙwasa, ba ƙara, ba wani kuka da ya sani. Karon farko ke nan a rayuwarsa da inji ya yi ciwo kunnensa bai ji komai ba, kuma abin ya tsorata shi ƙwarai.

Da yamma Yaya ya zo daga ofis, ya gaishe shi, ya ja Auta bayan gida wajen igiyar shanya. Ƙasa-ƙasa yake magana, ya manta da kunnen wanda yake zaune a baranda.

"Na gaya miki tun farko, motocin yanzu kwamfuta ce da tayoyi. Ba irin nasu ba ne. Gobe mu kai ta wajen Dogo. In ta tabbata hannun Baba ne, ki karɓi makullinki cikin mutunci, ni zan samo miki direba. Shi ya koma ya huta."

"Yaya, ka san abin da makullin nan yake a wajensa?"

"Na sani. Na kuma san abin da motar nan take a wajenki."

Baba Kunne ya sa hannu a aljihu ya damƙe makullin. Ya kalli hannun kujerar da yake kai, inda gwiwar hannunsa ta riga ta yi rami a jikin yadin.

Dogo shekara tara ya yi yana bin Baba Kunne a babbar mota kafin ya koma gyara. Yanzu shi ma furfura ta cika masa gemu, yana da garejinsa mai rami huɗu da na'urori na rataye a bango. Yana hango su ya ajiye sifana, ya goge hannu a wando, ya rusuna.

"Maigida da kansa! Yau gareji ya yi baƙo."

"Ba ni na zo ba, ita ta zo. Duba ta."

Dogo ya ɗauko wata na'ura mai faɗin littafi, ya soka wayarta a ƙarƙashin sitiyari, ya zauna a kujerar direba da ƙafa ɗaya a waje. Ya yi ta latsawa. Can sai ya daina. Ya kalli rubutun, ya saci kallon maigidansa, ya sake kallon rubutun. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Ƙaramin abu ne," ya ce da Yaya. "Mai ne. An sha gurɓataccen dizal a wani wuri, shi ya jawo."

Auta ta sauke ajiyar zuciya. Yaya ya ɗaga gira, ya ce to ai shi ke nan. Da an tashi a haka, da makulli ya zauna inda yake, ba wanda zai ƙara ɗaga maganar.

Sai dai kunnen da yake gane ciwon inji daga nesa ba zai kasa gane muryar Dogo ba. Gyaran murya sau biyun nan Baba Kunne ya san shi tun zamanin da Dogo yake manta ɗaure tamfol ya ce iska ce ta kwance.

"Dogo."

"Na'am, Maigida."

"Ni nake sha mata mai, wuri ɗaya nake sha, kuma sai na shinshina. Karanta mini abin da allon nan ya ce. Kada ka rage ko wasali."

Dogo ya sosa ƙeya. Ya fito daga motar, ya durƙusa ya nuna ƙarƙashinta, ya yi bayani a hankali, idonsa a ƙasa. A cikin salansar irin waɗannan motocin, in ji shi, akwai wata matata da take kama baƙin hayaƙi don kada ya fita waje. Kullum tana tarawa. In ta cika, motar da kanta take hura wa kanta wuta ta ƙone abin da ya taru, amma sai tana gudu a kan titi, inji ya yi zafi sosai. Tsayuwa wuri ɗaya inji na aiki, da gajeriyar tafiya a hankali, su suka fi komai cika ta.

"In ta fara ƙonawar, yaya take yi?" in ji Baba Kunne.

"Kukan inji yakan ɗaga. Fanka ta yi ruri. A ji warin zafi."

"In aka kashe ta a lokacin fa?"

"Sai aikin ya tsaya, abin ya ƙara daskarewa." Dogo ya sake duba allon. "Na'ura ta ce ta fara sau goma sha huɗu. Sau goma sha huɗu ana katse ta."

"Saura me ta ce?"

"Ta ce inji ya yi awa ɗari da ashirin yana aiki mota na tsaye."

Baba Kunne bai yi boko mai zurfi ba, amma lissafin hanya a kansa yake. Rabin awa kowace safiya, wata takwas. Bai ko buƙaci yatsunsa ba.

Ya miƙe tsaye sosai, ya gyara zaman hularsa. Ya ciro makullin daga aljihu ya ajiye a kan bonet, daidai wurin da yake ɗora tafin hannunsa.

"Ni ne," ya ce, da murya irin wadda ake ji a ƙarshen tasha. "Rabin awar tawa ce. Goma sha huɗun ma ni ne, ina tune da kowanne. Tana neman numfashi ina toshe mata baki, ina komawa gida ina yabon kaina. Dogo, na gode da kara, amma shekara arba'in da ɗaya ban taɓa ɗora wa mai ko hanya laifin hannuna ba, ba kuwa yau zan fara ba. Auta, ga makullinki."

Yaya ya buɗe baki. Abin da ya zo ji ke nan, ga shi ya ji, amma sai ya rasa inda zai sa idonsa. Ya juya wajen Dogo da sauri ya tambayi yadda za a yi.

Dogo ya ce ba ta kai ga lalacewa ba tukuna, saura ƙiris. Zai saki takunkumin da motar ta sa wa kanta don ta iya gudu. Daga nan sai a hau babban titi, a riƙe tamanin, minti arba'in, ba tsayawa, ba ɗaga ƙafa, ba ƙarawa. In fitila ta mutu, an tsira. In ta ƙi, sai an sauke matatar gaba ɗaya, mota ta yi mako a rami.

"To kai ka ja ta mana," in ji Yaya.

"Ni? A gabansa?" Dogo ya yi dariya har da tafa hannu. "Yaya, ƙafa ake nema wadda ba ta rawa. Mutumin nan kofi yake cikawa da ruwa ya ajiye a gaban gilashi, mu yi tafiyar wuni ko ɗigo bai zuba ba. Ni da ya ba ni, kafin mu fita daga tasha na yi wa wandona wanka. Har gobe ƙafata ba ta kai tasa ba, kuma ban ga wanda tasa ta kai ba."

Auta ta matso. Ta ɗauki makullin daga kan bonet, ta juya shi a hannunta, idonta ya ciko. Sannan ta kamo hannun mahaifinta ta buɗe, ta sa masa a ciki ta rufe yatsunsa a kai.

"Baba, ku kuka shaƙe ta, ku za ku buɗe mata maƙogwaro. Ni ban san wani direba ba."

Suka fita su uku, Auta a gaba, Yaya a baya ya ɗaure bel har yana dubawa sau biyu. Suka ratsa cunkoson gari, suka wuce shataletale na ƙarshe, titi ya buɗe ɗoɗar. Baba Kunne ya gyara zama. Allura ta taɓa arba'in, inda ta saba tsayawa, ya ɗan yi jim, sannan ya taka. Hamsin. Sittin. Saba'in. Da ta kai tamanin ya tsayar da ƙafarsa a nan, allurar kuwa ta tsaya cak kamar an kafe ta da ƙusa. Rabonsa da ganin tamanin shekara uku ba kaɗan.

Wajen minti na tara abin ya zo. Kukan injin ya yi kauri, fanka ta tashi, warin nan na ƙarfe mai zafi ya shigo ta kafar iska. Kafin ya ankara hannunsa ya bar sitiyari ya nufi maɓallin. Shekara arba'in da ɗaya suna ce masa kashe ta, kashe ta kafin ta kama da wuta da 'ya'yanka a ciki. Yatsansa ya tsaya a kan maɓallin. Auta ta gani, ta cije leɓe.

A hankali ya janye hannun, ya mayar da shi kan sitiyari, ya damƙe.

"Ƙona abinki, 'yar nan," ya ce da motar. "Ba mai taɓa ki."

Gumi ya tsattsafo masa a goshi ya gangaro cikin gemu. Wata babbar mota tana gabansu tana jan ciki, ya hango ta tun daga nesa, ya auna, ya fita ya wuce ta ya dawo hannunsa, allura ba ta motsa ba. Hawa ya zo, ya ƙara ƙafa da abin da bai fi kaurin takarda ba. Gangara ta zo, ya rage daidai haka. Yaya, da ya shigo yana riƙe da kujerar gaba hannu bibbiyu, ya saki, ya matso yana leƙen allurar ta saman kafaɗar uban. Yana da shekara arba'in, bai taɓa zama ya kalli mahaifinsa yana aikinsa ba sai yau.

Minti ashirin, fitila tana nan. Ashirin da biyar, tana nan.

A minti na talatin da ɗaya Yaya ya daka wa kujera duka.

"Ta mutu! Baba, wallahi ta mutu! Auta, duba!"

"Ku yi mini shiru," in ji Baba Kunne.

Ya karkatar da kai gefe guda. Rurin fanka ya kwanta, warin ya tafi, injin yana wani kuka mai laushi, buɗaɗɗe, ba shaƙewa a cikinsa. Fuskar tsohon ta saki gaba ɗaya.

"Kun ji? Muryarta ke nan. Wata takwas ina tare da ita, yau na fara jin ta."

Auta tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi. Suka zo wata mahaɗa inda ake iya juyawa, Yaya ya ce ai tun da fitila ta mutu sai su koma.

"Dogo arba'in ya ce," in ji Baba Kunne, ya wuce mahaɗar ko kallonta bai yi ba.

Sai da suka yi minti hamsin da biyar.

Washegari ƙarfe shida Inna ta kasa kunne ba ta ji kukan inji ba. Ta leƙo. Yana tsaye a ƙofar gida, tsumma a kafaɗa, tafin hannunsa a kan bonet mai sanyi, makulli na leƙowa daga aljihu. Wani maƙwabci da ya saba tsayawa kallo ya tambaye shi ko motar ce ba lafiya.

"Lafiyarta ƙalau. Irin wannan ba a ɗumama ta a tsaye, malam. Akwai matata a cikin salansa." Ya shiga yi masa bayani tiryan-tiryan da hannu da ƙafa, kai ka ce shi ya ƙera ta.

Yaya ya biyo ta gidan kafin ya wuce ofis, ya tarar da Auta tana loda dashen lemo ɗari biyu. Masu gonaki na bayan gari sun daɗe suna nema, tana ba su haƙuri saboda nisa. Jiya da yamma ta kira su ta ce a saurare ta duk mako.

"Tafiyar awa biyu fa ce," in ji Yaya, yana kallon mahaifinsa da ke ɗaure igiya a bayan mota. "Inna, ba kya ganin ya kamata dai a riƙa barinsa yana ɗan hutawa?"

Inna ta fito baranda da kwandon wanki a kunkuminta.

"Me Dogo ya ce ya toshe motar?"

"Tsayuwa wuri ɗaya, da lallaɓawa."

"To," in ji Inna.

Ta dire kwandon a kan kujera mai taushi, ta fara ware fararen kaya daga masu launi.